Me ya sa murfin wannan gora ya ƙi zama a kan waccan?

Jiya muna shirin tashi ka tare ni da tambaya: "Oga, murfin gorar ruwa da na gorar lemo kusan faɗinsu ɗaya, amma na ɗaura na ruwan a kan ta lemon ya ƙi kamawa. Kuma me ya sa haƙorin kwalba yake da kauri da dakushi, ba kamar na noti ba?" Hannuna na kan inji lokacin, shi ya sa na ce ka bari.

To yaro, abu na farko, haƙori ba shi ne ke hana yoyo ba. Aikinsa ja ne kawai. Idan ka murɗa, shi ke janyo murfi ƙasa har cikinsa ya danne leɓen kwalba. Abin da ke toshewa yana can sama: ko dai 'yar shimfiɗa mai laushi da aka liƙa a cikin murfin, ko wani zobe da aka zubo tare da shi, wanda ke shiga bakin gorar ya cika shi. In aka kawo maka murfi mai yoyo, leɓen za ka fara dubawa kafin ka zargi haƙori. Na sha ganin masu koyo suna ƙara ɗaurewa da ƙarfin tsiya don yoyo ya tsaya, ƙarshe haƙorin ya tsallake, a yi biyu babu.

Maganar dakushi kuwa, kayan aikin ne suka tilasta. Haƙorin noti tsini gare shi, kusurwarsa digiri 60, ƙarfe kuma yana iya riƙe wannan tsinin. Gilashi ba ya iyawa. Narkakke ake matsa shi cikin mazubi, wato ƙarfen da ke ba shi siffa, ba ya cika lungu mai tsini da kyau, in ma ya cika, zai ɓantare a bakin mai sha. Roba kuma tana saki a hankali idan ta daɗe a matse. Don haka a gorar roba ake yawan yin haƙori mai fuska biyu daban: fuskar da ke ɗaukar nauyi kusan a kwance take, ɗayar a gangare. Kwantacciyar fuskar ce ke hana murfi zamewa ya haye.

Yanzu ga abin da ya hana murfinka kamawa. Ɗauki gorar ruwan, ka leƙa bakinta ta sama, ka ƙirga wuraren da haƙori ya fara. A yawancinsu uku za ka samu. Haƙora uku ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowane da mafarinsa. Amfaninsu sauri: duk inda ka ɗora murfi akwai mafari kusa, ɗan murɗi kaɗan ya rufe. Amma gangarensu ya fi tsayuwa, abin da ya tsaya kuwa ya fi saurin kwancewa. Ruwa ba ya tura murfi daga ciki, ba damuwa.

Lemo mai gas wata magana ce. Idan ya ji ɗumi, matsin da ke cikin gorar yakan wuce na tayar ƙaramar mota. Shi ya sa ake ba shi haƙori ɗaya tak mai tsawo, wanda ke zagaya wuya kusan sau biyu. Ka lura kuma an daddatse shi daga sama zuwa ƙasa? Ba kuskuren mazubi ba ne. Hanyar gas ce. Da zarar ka fara kwancewa, gas ya bi ta waɗannan kwaruruka ya fice, wannan "tsss" ɗin da kake ji, alhali sauran haƙorin na riƙe da murfin. Ba don su ba, murfi zai iya tashi kamar harsashi ya samu mutum a ido. Ni a wajena wannan ita ce dabara mafi kyau a duk wuyan gorar, kuma ba mai kula ta.

Ko a tsakanin gorunan lemon ma akwai bambanci. Akwai ƙirar wuya da ake kira PCO 1810, akwai PCO 1881 da ta zo daga baya. Dukansu milimita 28 ne, amma ta biyun ta fi gajarta don a rage roba, tazarar haƙorinta milimita 2.7, ta farkon kuwa 3.18. Abin bai kai rabin milimita ba, amma ya isa murfi ya ciji a karkace. Haka in ka ga an rubuta 28-400 ko 28-410 a takardar oda: lambar farko faɗi ne a milimita, ta biyu ƙirar wuya. 400 zagaye ɗaya ne, 410 ɗaya da rabi, 415 biyu a kan dogon wuya. Kada ka taɓa karɓar aiki da lambar farko kaɗai.

Kwalba mai faɗin baki da murfin ƙarfe, sau da yawa murfin ba shi da haƙori sam, 'yan kunnuwa ne huɗu ko shida ke kama guntayen haƙoran gilashin, kwatan zagaye an gama. Da zafi ake rufe ta, in ta huce iskar ciki ta tsuke ta zuƙe murfin, shi ya sa tsakiyarsa ke ɗagowa da ƙarar "ƙas" idan aka buɗe. Mai cikakken haƙori kuma tsohuwa ce, John Landis Mason ya yi rajistar tasa a Amurka tun 1858. Murfin alminiyam shi ma sumul yake zuwa, inji ne ke matsa shi da 'yan tayoyi a kan wuyan kwalba ya kwafi haƙorinta.

Saura abin da ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na mai sassaƙa mazubi. Roba tana tsukewa idan ta huce, irin wadda ake murfi da ita takan rage wajen kashi biyu cikin ɗari. Ina kamarka na taɓa yanke ƙarfen cikin mazubi, wanda ke fitar da cikin murfi, daidai da awon zane, ina ta murna. Murafan suka fito duk sun matse, maigidana bai ce min uffan ba, ya dai ajiye min kwandon a gabana. Kuma ka tuna murfi sai ya fita daga kan ƙarfen. Wani mazubin kwance shi yake yi kamar noti, wani kuma tunkuɗo shi yake yi da sauran ɗuminsa, haƙorin ya ɗan buɗe ya tsallake. Irin na biyun ya fi sauri, amma in ka zurfafa haƙori ko ka bar masa kaifi, yagewa zai yi wajen fita.

Aikin da ke kan teburinka irin na biyun ne. Kafin ka kunna inji gobe, ka tsaga murafan nan biyu da zarto, ka kawo min su tare da lissafin tsukewar da ka ƙara a kan awo.