Me Ya Sa 'Yar Talaka Ba Ta Tsira A Tatsuniya Sai Ta Auri Ɗan Sarki?

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Gusau, kuma nakan yi wa 'yan ajina tatsuniya. Na lura cewa kusan duk inda aka fara da marainiya ko 'yar bora, a ƙarshe ɗan sarki ne yake aurenta ta huta. Shin ba muna koya wa yara mata cewa sai da miji mai hali ake fita daga talauci ba? In daina ne?

AMSA: Malama, abin da kika hango gaskiya ne, amma ban ga dalilin dainawa ba. Tatsuniyoyin nan sun girma ne a cikin al'ummar da kowa ya san matsayinsa tun daga haihuwa: sarakuna a sama, sai malamai da attajirai, sai talakawan da suke noma su biya haraji da jangali, sannan bayi a ƙasa. Sana'o'i da yawa gado ne, ɗan mahauci mahauci, ɗan maƙeri maƙeri. Lokacin da Frank Edgar, wani Baturen mulkin mallaka, ya buga tarin tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa, tsakanin 1911 da 1913, akwai bayi a gidaje da dama, domin ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Tsohuwar da take tara jikoki da dare ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba ta taɓa ganin yarinya ta yi arziki ta hanyar makaranta ko albashi ba. Hanyar da ta sani ita ce aure, ita kuwa ta sa a labari.

Dubi tatsuniyar Ruwan Bagaja. An tura 'yar bora wankin ƙirgi a ruwan da ake zaton ba za ta komo daga gare shi ba, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, har da cinya da kare, aka sallame ta da ƙwai, ta fasa shi inda aka umarce ta, sai ga dawakai da barori da dukiya. 'Yar mowa ta bi sahu da rashin kunya, ita kuma ta komo da kutare da makafi a kan jakuna. Zuciyar labarin tana tare da wadda aka zalunta, wannan babu shakka, kuma ina ganin ba ƙaramin abu ba ne a ce a cikin gidan da ake fifita ɗakin mowa yara suna kwana da labarin da ya ba bora gaskiya. Amma a duba irin sakamakon. Ladan 'yar bora shi ne ta sami waɗanda za su yi mata bauta, horon 'yar mowa kuma shi ne a haɗa ta da naƙasassu da mabarata, wato mutanen da suka fi kowa rashin gata. Labarin ya ɗaga mutum ɗaya, ya bar tsanin yadda ya same shi. Wannan ne ya fi damuna, fiye da zancen auren, domin a ajinki ma ana iya samun yaron da mahaifinsa makaho ne.

Akwai hanya ta biyu, wadda ba ta bi ta ƙofar fada, ita ce ta Gizo. Ba shi da ƙarfi, ba shi da rumbu, sai wayo da tsamin baki, amma ya ci bashin giwa da dorina, da lokacin biya ya yi ya miƙa wa kowace bakin igiya guda, suka yini suna jan juna kowace tana zaton da Gizo take ja. Manomin da ba ya iya ɗaga kai gaban mai karɓar haraji ya san abin da yake yi wa dariya a nan. Sai dai Gizo ma cikinsa kawai yake yi wa aiki, yana cutar Ƙoƙi kamar yadda yake cutar zaki, kuma gobe yunwar tana nan. Maganar talakawa su haɗa kai su nemi haƙƙinsu ba daga tatsuniya ta zo ba, sai da jam'iyyar NEPU ta fito da ita fili a Kano a 1950.

Shawarata ita ce ki ba da labarin yadda kika gaje shi, kada ki gyara shi ya zama wa'azi, domin yara suna gane labarin da aka cire wa gishiri. Idan kin ce "ƙurunƙus", ki tsaya minti biyar ki tambaye su: wa ya noma hatsin da ke rumbun sarki? Barorin da suka fito daga ƙwai, su 'ya'yan wane ne? Wane laifi kutaren suka yi da aka mai da su abin horo? Sannan ki ce kowace yarinya ta faɗi abin da 'yar bora za ta yi da dawakan nan ba tare da ta jira wani ɗan sarki ba, ki rubuta amsoshinsu a allo.