Ku tambayi Yayanku: gem masu jaruman da ba sa fita a rai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu ɗaya suke, wato gem masu labari, irin waɗanda mutum zai gama bugawa ya ajiye pad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana bugawa, amma jarumin cikin ya ƙi barin zuciyarsa. Na zaɓo huɗu daga ciki.

TAMBAYA, daga wani matashi mai sana'ar kayan miya a kasuwar Mile 12: Salam yaya, dan Allah shawara nake nema. Na ɗan tara kuɗi na sayi injin gem PS4 tokunbo a Computer Village, to ni tun ina yaro ball kawai na sani, PES da FIFA, sai Mortal Kombat in mun gaji, yanzu wani abokina ya dame ni wai in buga gem mai labari, har yace shi ya taɓa hawaye saboda gem. Wai da gaske ne haka? Kuma da wanne zan fara?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sanya albarka a sana'a. Abokinka bai maka ƙarya ba, kuma inaga kai ma ka taɓa ɗanɗana abin ba tare da ka lura ba. Tunda kace ka buga Mortal Kombat, ka tuna Scorpion da Sub-Zero, a gem na farko da ya fito 1992 ai hoton mutum ɗaya ne aka canza masa kalar kaya, ɗaya rawaya ɗaya shuɗi, amma duk yaron da ya taɓa zama a gidan gem a Agege ko Obalende zai rantse maka halinsu daban ne, saboda an basu labari, akwai gaba a tsakaninsu, akwai jini da ramuwa. Wannan shi ne abin da nake so ka fara ganewa, ba kyan hoto ke sa jarumi ya zauna a rai ba, abin da ke damunsa ne. Ko Mario da kowa ya sani, lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya ƙirƙiro shi a Donkey Kong a 1981, hula da gashin baki da aka sa masa dabara ce kawai don injin lokacin ba zai iya zana gashin kai da baki da kyau ba, amma gashi yau shekara sama da 40 ana tare da shi.

To da wanne zaka fara. Ni a ganina ka fara da Red Dead Redemption 2 na kamfanin Rockstar, wanda ya fito 2018. Zaka buga ne a matsayin Arthur Morgan, ɗan wata ƙungiyar 'yan fashi a Amurka a shekarar 1899, lokacin da hukuma ta fara ƙarfi zamaninsu yana ƙarewa. Farkon gem ɗin zakaga mutum ne mai taurin zuciya, ubangidansa Dutch ne ya raine shi tun yana yaro don haka duk abin da yace masa yi yake, har karɓo bashi a hannun talakawa da duka. Ba zan ɓata maka labarin gaba ɗaya ba amma sai na faɗi wannan domin shi ne zuciyar abin: a wajen irin wannan karɓar bashin ne ya ɗauki cutar tarin fuka daga wani bawan Allah mara lafiya da ya lakaɗawa duka, kuma a zamanin babu maganinta, daga nan sai kaga mutumin da ya san kwanansa ya kusa ƙarewa ya fara waiwayen rayuwarsa yana neman ya gyara ko kaɗan ne, yana tari yana ramewa a gaban idonka, kuma kai ne kake riƙe da shi, kai zaka zaɓa ya taimaki matar mutumin nan da ya daka bayan ya rasu ko ya wuce. A fim kallo kawai kake, anan da hannunka aka yi laifin, shi ya sa nadamar take kama ka. Wallahi duk wanda ya san ma'anar tuba zai ji wannan labarin a jikinsa.

Sai dai ka sani gem ɗin yana da nauyi, faifai biyu ne a PS4 kuma yana cin wajen GB 100, sannan tafiyarsa a hankali take, akwai doguwar tafiya a kan doki da hira, wanda ya saba da minti goma na ball zai iya ƙosawa a farko. Ka daure masa. Kuma da yanayin wutar NEPA ɗin nan ka riƙa sebin, wato adana inda ka tsaya, da kanka akai akai kar ka dogara da na inji kaɗai.

In ka gama shi sai The Last of Us na 2013, na kamfanin Naughty Dog, an sake fito da shi a PS4 a 2014. Joel uba ne da 'yarsa ta mutu a hannunsa daren da annoba ta ɓarke, bayan shekara 20 aka haɗa shi da wata yarinya Ellie ya rakata ƙetaren ƙasa, da farko ko kallonta baya son yi, a ƙarshe kuwa ya aikata abin da har yau masu gem suna gardama a kai, wasu suce uba ne ya yi abin da kowane uba zai yi wasu suce son kai ne ya cuci duniya. Wannan gajere ne akan na farkon, zaka iya gama shi a 'yan dararen bayan kasuwa.

TAMBAYA, daga wata uwa a Idi-Araba: Malam barka da aiki. Ɗana shekararsa 12, kullum maganarsa Kratos da CJ, har zanen Kratos yake a bayan littafin makaranta. Da na leƙa gidan gem ɗin layinmu sai naga wani ƙaton mutum fari fat yana sare kawuna, kuma ance min sunan gem ɗin wai allahn yaƙi. Hankalina ya tashi. In hana shi gaba ɗaya ne ko yaya?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika je kika gani da idonki, iyaye da yawa kuɗin kawai suke bayarwa. Amsa a taƙaice, waɗannan biyun ba na ɗan shekara 12 bane, kuma ba ni na faɗa ba, masu tantance gem ɗin ne da kansu. Ki duba jikin kwalin faifan, akwai lamba a kusurwa, tsarin Turai da ake kira PEGI yana sa 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka kuma ESRB yana sa harafi, in kinga M to na ɗan 17 zuwa sama ne. God of War, wato gem ɗin Kratos, da GTA San Andreas na CJ duka na manya ne. Shi ma tsarin na Amurka an kafa shi ne 1994 bayan iyaye da 'yan majalisa sun yi ca akan jinin da ke cikin irin su Mortal Kombat, kinga ba yau aka fara wannan damuwar ba.

Amma bari in faɗa miki waye Kratos ɗin, domin in zaki yi magana da yaron gara ki san abin da ya ja shi. A gem na farko na 2005, shi mayaƙi ne ɗan Sparta a cikin tatsuniyoyin Girkawan da, aka yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, farin nan da kika gani a jikinsa tokar gawarsu ce aka la'ance shi da ita ta manne masa har abada. Allolin da ake ambata gumakan tatsuniyar Girka ne kuma a labarin yaƙarsu yake yi, duk da haka sunan da abin da ke ciki dole su tsaya wa musulmi a rai, kuma hukuncin wannan ɓangaren malamai za ki kaiwa. A na 2018 sai aka dawo da shi ya manyanta, yana da ɗa namiji Atreus, su biyu suna tafiya cika wasiyyar uwar yaron da ta rasu, kuma gaba ɗaya labarin akan uba ne da bai iya nuna wa ɗansa so ba, yana tsoron kar yaron ya gaji halinsa. Akwai wajen da yake miƙa hannu zai dafa kafaɗar yaron sai ya fasa ya janye. Yara da yawa wannan suke gani su so shi, ba saran kawai ba.

CJ kuwa, wato Carl Johnson na GTA San Andreas da ya fito 2004, saurayi ne da ya dawo unguwarsu bayan shekara biyar saboda an kashe mahaifiyarsa, ya tarar da gurɓatattun 'yan sanda da abokan da suka ci amanarsa. Labarin yana da kama zuciya, shi ya sa har yau ba a daina buga shi ba, amma akwai zagi da ƙwaya da harkar daba da mata a ciki sosai, wannan kam ki hana shi kai tsaye.

Hanawa gaba ɗaya bana goyon bayanta, domin a Legas gidan gem baya da wuyar samu, zai je wani layin ne inda ba kya gani. Ki zauna da shi ki tambaye shi me yake burge shi a Kratos, ki saurara, sannan ki canza masa da irin su Mario, Sonic, Ratchet and Clank ko ball, ki sa masa lokaci, bayan an taso daga islamiyya kuma kafin magariba ya dawo gida. Ki yi wa mai gidan gem ɗin ma magana da mutunci, maƙwabcinku ne. Zanen da yake yi kuma kar ki kashe masa shi, ki saya masa littafin zane daban, masu zana jaruman gem sana'a ce da ake biyansu.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Yaba: Yaya ni abin da ke ban haushi duk jaruman nan Turawa ne ko 'yan Japan. Babu Bahaushe ko da guda ɗaya ne a duniyar gem?

AMSA: Akwai ƙanwata, kuma mace ce ma. A 2021 gem ɗin kwamfuta mai suna Age of Empires III ya fito da ƙari da ake kira The African Royals, aka sa Hausawa da Habashawa a matsayin al'ummomin da mutum zai iya bugawa da su, jagorar Hausawa ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, babban birninsu Kano, akwai mahaya dawaki masu lifidi, akwai Fulani maharba, kuma in kika danna sojojinki da Hausa suke amsa miki. Sannan Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 ya sa Amina cikin shugabannin da ake zaɓa. Daga sauran Najeriya akwai Doomfist na Overwatch, wanda sunansa na ainihi a labarin Akande Ogundimu, Bayerabe.

Amma in faɗa miki gaskiya wannan bai ƙosar dani ba. Amina a waɗannan gem ɗin shugaba ce da ke tsaye tana bada umarni, ba a shiga cikin zuciyarta kamar yadda aka shiga ta Arthur ba, bamu ga tsoronta ba, bamu ga abin da ta rasa ba kafin ta zama mai gina ganuwa. Kuma bana jin wani a Amurka zai zauna ya yi mana wannan. Ki dubi Abubakar Salim, ɗan wasan Ingila mai tushe a Kenya, shi ya yi muryar Bayek na Siwa a Assassin's Creed Origins na 2017, daga baya ya kafa nasa kamfanin ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, labarin yaron da ke neman dawo da ran mahaifinsa, kuma rashin nasa mahaifin ne ya sa ya yi shi. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 da jarumansu Enzo da Erine. Nan Legas ɗin da muke zaune akwai Maliyo Games tun 2012, har sun yi aiki da Disney akan gem ɗin waya na Iwaju a 2024. To mu me ya hana mu, ga Daurama da Bayajidda da rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi wanda wayonsa kaɗai ya isa gem guda, ga dambe da ɓangarorinsa na Arewa da Kudu da Guramada, kowane ɗan dambe da kirarinsa da makaɗinsa da abokin gabarsa, ai wannan Mortal Kombat ne a shirye. Ko labarin yaron da ya sauka a Legas a bayan motar shanu bai san kowa ba sai sunan wani kawunsa a Alaba Rago, wannan ma jarumi ne. Kina Yaba inda masu harkar kwamfuta suka fi yawa, manhajar haɗa gem irin su Godot kyauta ce, Unity ma akwai na masu koyo kyauta, in kina da hannu a rubutu ki nemi mai zane da mai kodin ku fara da ƙarami.

TAMBAYA, daga wani mai gadi a Lekki: Oga ni waya kawai gare ni, Free Fire da Call of Duty nake bugawa da dare. Akwai mai labari da zan samu a waya?

AMSA: Akwai malam, Allah ya tsare ku a bakin aiki. Ghost ɗin nan mai fuskar ƙwarangwal da kake gani a Call of Duty ta waya ma daga gem mai labari ya fito, Modern Warfare 2 na 2009, inda janar ɗin da suka yarda da shi ya ci amanarsu. GTA San Andreas yana kan Android tun ƙarshen 2013, da kuɗi ake saya amma in ka sauke shi baya cin data wajen bugawa, kai kuma babba ne ka san abin da zaka ɗauka da wanda zaka bari. Ka duba sararin wayarka tukuna domin yana cin GB da dama, ka sauke shi daga Play Store, ka guji wanda ake turawa ta manhajar Xender a wajen masu caji domin ta nan ake cusa wa mutane abin da ke sace bayanan banki. Kuma ka sa abin kunne a kunne ɗaya kawai, ɗayan ka bar wa get.

Masu son aiko da tambaya ku riƙa faɗin irin injin ko wayar da kuke da ita da shekarun wanda zai buga, sai amsar ta fi dacewa da ku.