Ga ƙanwarmu mai littafin mata marasa aure

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ce kin kai shafi na 30 a littafinki na mata uku marasa aure, malamar lakkol da unguwarzoma da bazawara mai shago, kowace da masu zuwa mata zance, yanzu masu karatu sun taso ki gaba. Wasu na cewa kina koya wa ɗiyan mutane yawon banza, wasu na cewa labarin kanki kike badawa, shi ne kike tambaya ko ki goge ko ki aurar da su duka a huta. Kar ki goge. Ciwon nan na san shi, duk wadda ta taɓa rubuta macen da ba ta ɗakin miji a garin nan ta san shi.

Masu zagin taurarin littafin ki bar su su sha sha'aninsu. Wadda ta turo "Allah ya isa" ga bazawararki ita ce gobe za ta fara tambayar ina shafi na 31. Waɗanda za ki saurara da kyau su ne masu kawo hujja, don sau da yawa suna da gaskiya a wuri ɗaya, wato idda. Mukan yi saki a shafi na 12, a na 15 ga bazawari a ƙofar gida, ba layi ko ɗaya da ya nuna lokaci ya wuce. A ranki wata biyar ne, a idon mai karatu kwana uku ne. Koma ki duba. Tsarki uku ga wadda aka saka, wata huɗu da kwana goma ga mai takaba, mai ciki sai ta haihu. Jimla ɗaya ta isa, ko ki nuna an sake ta ana girbin hatsi, manemi ya zo ana zafin bazara.

Batun manema biyu ko uku kuwa, nan ba ki da laifi. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta hana nema cikin neman wani, amma ta ɗaure hanin da lokacin da aka karkata ga juna, magana ta kusa tsayawa. Kafin nan mace na da damar ta ji kowa ta auna. Fatima bint Ƙais ta je wa Annabi (SAW) da maganar Mu'awiya da Abu Jahm, ya ba ta shawarar Usama, yana cikin Sahihu Muslim. Ki sa wata gwaggo ko inna ta faɗi hakan cikin labarin da bakinta, ya fi ki tsaya kina kare kanki a sharhi. Abin haushin, mutanen nan su ne ke tafa wa Alhajin littafi mai mata uku yana neman ta huɗu a ɓoye.

Ki gane kuma inda muke. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna a jihar Maradi mata 89 cikin 100 kan yi aure kafin shekara 18. Saboda haka mace mai shekara 28, mai albashi, da babur nata, tana tashi daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa aiki ba ta nemi izinin kowa ba, ga mutane da yawa tun ba ta yi komai ba ta yi laifi. Alhali Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na yaye irinsu, suna nan gidajen iyayensu, su ne ma ke karanta ki shiru ba sa sharhi.

Amma wallahi duk waɗannan masu sauƙi ne. Wadda ke kashe marubuciya tana cikin guruf ɗinki, ta san sunanki na yanka, ta san gidanku. Ba ta taɓa biyan ko dala ba, kullum "Anti Allah ya ƙara basira". Sai ta jira shafin da yarinya ta shiga motar saurayi, ta ɗauki hotonsa, ta yanke sama ta yanke ƙasa, ta tura wa gwaggonki ko dangin mijinki ko gidan da ke neman aurenki, ta ɗora da "ku ga abin da ɗiyarku ke rubutawa". Ba za ta tura shafin da yarinyar ta ce a sauke ta ba. Ba za ta tura inda uwa ta yi mata faɗa ba. Gwaggo kuwa ba karatun littafi take ba, hoto ɗaya ta gani, an fassara mata shi yadda aka ga dama, kafin la'asar magana ta kai unguwar Zariya ta kai unguwar Bagalam. Ke kuma an kira ki gaban manya kina rantsuwa kan mutanen da ba su ma wanzu ba. Washegari ita ce ta farko da za ta turo miki "kai, mutane ba su da tsoron Allah". Da ɗan gari akan ci gari. Irin wannan ba na yafe musu, Allah ya gani.

Don haka kar ki ƙara yanke shafi a bakin mota ko a ƙofar ɗaki don jan rai. Wuri mai zafi ki saki shafi biyu tare, abin da ya faru da abin da ya biyo baya. In kina son gano mai fitarwa, raba masu karatu guruf biyu ko uku, ki canja abu ƙarami a kowane, nan hijabi ruwan toka, can ruwan ƙasa. Hoton da ya fita shi zai faɗa miki ɗakin da ɓarauniyar take, sai ki ƙara raba wannan ɗakin.

Layin wayar rubutu daban, layin gida daban, ki cire hotonki a kai. Kuɗin ma kar ki karɓa da sunanki, don mai aiko miki jika guda ta Nita ko Amana sai ya nemi cikakken suna, daga nan an gama sanin ke wace ce. Yayanki ko wani amintacce ya riƙa karɓa. Guruf ɗin karatu ki rufe shi, admin kaɗai ke turawa, ki buɗe na sharhi daban ki ba mutum biyu masu sanyin rai su riƙe. Saƙon murya na dare kar ki buɗe, kar ki amsa, wanda kika mayar cikin fushi shi za a yi ta yawo da shi. Wanda ya wuce littafi ya kira ki da sunan banza, ki adana hoton saƙon da lambarsa da ranar. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ta haɗa da zagi da ɓata suna, a 2024 kuma aka maido da ɗauri a kansu. Ba lallai ki kai ƙara ba, amma ya san kina da shaida.

Af, tun da littafin ya yi tashe haka, masu karantawa a YouTube na nan tafe ba sallama. In kin kammala ki kai shi BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, ki yi rajista.

Ƙarshen labari kuwa, in kika ɗaura aure uku a shafi ɗaya don tsoro, masu zagin ba za su dawo su yaba ba, masu son ki kuma za su ji an yaudare su. Wadda labarinta ya kai aure ki aurar, wadda bai kai ba ki bar ta da aikinta da mutuncinta. Turo mini daga shafin sakin zuwa zuwan bazawarin farko ta lambata, in duba miki lissafin iddar kafin ki saki na gaba.