Murjanina Ya Yi Fari Fat, Ko Ya Mutu Ke Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200, wata 5 ke nan da kafa shi. Cikin makonnin nan murjanina 2, wato halittun teku masu rai da nake kiwo a cikinsa, suka koɗe suka yi fari fat. Na sauya fitila zuwa mai ƙarfi, kuma kullum ruwa kan ragu da kamar lita 2, sai in haɗa ruwan gishiri in cike. Na ƙara sinadarin kalsiyam, ba sauyi. Me zan ƙara zubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka ƙara zuba komai, Malam. Ajiye kwalaben nan tukuna mu yi lissafi.

Ruwan da ke raguwa tururi ya zama ya tashi, gishiri kuwa ba ya bin tururi, yana nan a tankin. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, wato tankinka ya fara da kimanin kilo 7. Kai kuma kullum kana ƙara masa giram 70. A wata guda ka tara masa fiye da kilo 2, gishirin ya tashi daga giram 35 zuwa wajen 45 a kowace lita. Idan kana canza ruwa a kai a kai, bai kai haka ba, amma ya hau. Raguwar da tururi ya jawo, da ruwa zalla ake cike ta, wanda na'urar RO, mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa, ta tace. Na famfo kada ya shiga, saboda kulorin da fosfet da ke zuwa da shi. Ruwan gishiri sai ranar da ka ɗebi na tanki ka zubar, ka mayar da daidai abin da ka ɗiba.

Nemi na'urar auna gishiri, rifraktomita, ka gwada yau. Ma'aunin da ake so 1.025 zuwa 1.026, wato nauyin ruwan tankin idan an kwatanta shi da na ruwa zalla. In ya haura, kada zuciya ta ɗebe ka ka sauke shi a yini ɗaya. Kowace rana ɗebe ɗan ruwan tanki ka maye da zalla, ma'aunin ya riƙa sauka da 0.001 kacal.

Sai fitila. Murjani dabba ce, amma a cikin namanta akwai ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, su ke amfani da haske su samar mata da mafi yawan abincinta, su ne kuma ke ba ta launin nan na ƙasa-ƙasa. Idan zafi ko haske ya yi mata yawa bagatatan, sai ta kore su, namanta ya zama garau har ana hango farin ƙashin da ke ƙasa. Abin da ya auka wa babban shingen murjani na gaɓar Ostireliya ke nan a 1998 da 2016 da 2017, kuma ƙarin digiri 1 na Salsiyas kan zafin da ruwan ya saba kaiwa a lokacin zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. Naka sun sha gishiri, sannan ka ɗora musu sabuwar fitila rana ɗaya. Rage haskenta zuwa rabi, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan cikin mako 4. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26.

Ko sun mutu? Duba da daddare da tocila. Idan akwai siririn nama a kan ƙashin, kuma 'yan hannayensu na fitowa, da ransu, launi kuma kan dawo cikin makonni ko watanni. Idan naman yana saɓulewa, ko gansakuka kore ta fara hawa ƙashin, wannan sashen ya tafi. Karya reshen da ke da lafiya ka dasa shi dabam.

Batun kalsiyam, ni dai ban yarda a zuba abin da ba a auna ba. Ana son sa tsakanin 400 da 450 ppm, wato kusan miligiram a kowace lita, ƙarfin kabonet kuma, sinadarin da murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashinsa, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Amma tankin da kabonet ɗinsa ya zauna a 7.5 wata da watanni ya fi wanda ke tsalle daga 7 zuwa 10 duk mako. Murjani biyu a lita 200, canjin kashi 10 cikin 100 na ruwa kowane mako ya wadatar da su. Garin neman gira kada ka rasa ido.

Tambaya: Malam, kifina ya fito da ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa masa gishiri. An ba ni magani mai sinadarin jan ƙarfe. In zuba a tankin murjani?

Amsa: A'a, Hajiya, ko ɗigo. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da katantanwa, kuma duwatsu kan tsotse shi su ci gaba da sakin sa daga baya. Kwashe kifayen duka, har da waɗanda ba su nuna alama ba, ki kai su wani tanki marar dutse ki yi maganin a can, kina auna yawansa. Babban tankin ya zauna babu kifi mako 10 zuwa 11, ƙwayar cutar ta rasa mai ɗaukarta ta mutu. Murjani ba ya kamuwa da ita. Nan gaba duk sabon kifi ya fara yin wata guda a keɓe.

Tambaya: Wasu ƙananan murjani masu kama da maɓalli sun mamaye mini dutse. Zan iya tafasa dutsen in rabu da su?

Amsa: Don Allah kada ka yi, ɗan'uwa. Irin waɗannan, musamman dangin Palythoa, wasunsu na ɗauke da dafin falitoksin, ɗaya daga cikin mafiya haɗari da aka sani. Tafasawa na tura shi cikin tururi, kuma an sha kwantar da iyali guda a asibiti ta wannan hanya. Kada ka kankare su a busasshe, kada ka watsa musu ruwan zafi. Sa safar hannu ta roba da gilashin kare ido, ka ciro dutsen ka ɗaure shi a leda biyu ka jefar, ko ka ba wani mai kiwo bayan ka gaya masa abin da ke kai. Idan tari ko zazzaɓi ko ƙuncin numfashi ya biyo bayan taɓa su, tafi asibiti nan take ka faɗa wa likita abin da ka taɓa.