Ku Tambaya Mu Amsa: Da me yaran karkarar Ayaland suke wasa a da?

Tambaya: Salam Anti, yarana kullum suna kan waya da gem, sai nake ce musu ai ko 'ya'yan Turawa a da da hannunsu suke haɗa kayan wasa, suka ce wai ƙirƙira na yi. Don Allah gaskiya ne? Musamman ƙasar Ayaland da ƙanwata take aure. Daga Maman Ilham, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Ilham, ki ce musu ba ki ƙirƙira ba, kuma shaidar ma yaran ne suka rubuta da hannunsu. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa 'yan firamare sama da 50,000 daga makarantu wajen 5,000 su tambayi iyaye da kakanni su rubuta abin da suka ji, har da wasanni da kayan wasan da ake haɗawa a gida, littattafan na nan a ajiye a jami'ar University College Dublin (UCD) da ke Dablin, babban birnin ƙasar.

Ki tuna fa lokacin talauci ne sosai a ƙauyukansu, aikin kai musu wutar lantarki ma sai 1946 aka fara, to wa zai sayo miki 'yar tsana a kanti? Mata da tsumma suke ɗinka tasu, su yi sarƙar wuya da furanni, ga carabke da duwatsu biyar. Maza kuwa su ne gwanayen ɓarna, su sari reshen wata bishiya mai taushin ciki su rarake shi ya zama bindiga, harsashin kuma gutsuren dankalin Turawa, ga danƙo ga gare da tsohon wilin keke, ga tarkon tsuntsu na ƙirare da suke kafawa lokacin sanyi. Ƙwallo kuwa, in an yanka alade a gida mafitsararsa suke hurawa su yi ta bugu har ta fashe, abin ƙyama a wajenmu amma su a wajensu ranar murna ce.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ranar 26 ga Disamba, yara su ɓad da kama da tsummokara da ciyawa su bi gida-gida da waƙa ana ba su kuɗi, kamar dai tashe.

Ki sa ƙanwarki ta tambayi tsofaffin unguwarsu, waɗanda suka taso a ƙauye za su ba ta labarin da bakinsu.