"Arsenal is" ko "Arsenal are"?

Malam, ka tambaya wanne ne daidai. Duka biyun suna tafiya, ya danganta da Turancin da kake bi. Turawan Ingila na kallon ƙungiya a matsayin taron 'yan wasa, shi ya sa mai sharhin ƙwallo yake cewa "Chelsea have scored". Ba'amurke kuwa abu guda yake ɗaukarta: "Chelsea has scored", haka ma mawaƙa, "Coldplay is". In sunan kansa jam'i ne, irin Super Eagles ko The Beatles, kowa jam'i yake sa masa. Mu ma a gidan kallo wani ya ce "Arsenal ta sha kashi", wani "sun sha kashi". Ni na Ingila nake bi, shi muka taso da shi.