Hutun Ƙarshen Shekara Ya Zo, 'Ya'yan Yayar Mijina Sun Sake Sauka

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya ruwa? Allah ya saka da alheri bisa share wa mata hawaye da kike yi. Don Allah ki sakaya sunana.

Anti, ni dai dogon hutun nan ya zame mini abin fargaba. Kowa na murna an gama zango na uku yara za su huta, ni kuwa tun shigowar watan Yuli gabana yake faɗuwa. A Kano muke, ɗaki biyu da falo, 'ya'yana huɗu. Shekara biyar ke nan a jere, da an ba da hutu ba a kwana biyu sai ki ji adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gida, an sauke 'ya'yan Yaya, wato yayar maigidana da ke aure a wajen Sumaila. Bara huɗu aka kawo, bana biyar. Babu waya, babu sallama, sai dai ki ga yara da jaka. Na buɗe jakar da hannuna, Anti, tsummokaransu ne kawai a ciki. Ko mudu ɗaya. Ko ƙullin kuka, ko daddawa. Mutanen da suke noma!

Ba rowa gare ni ba, Allah shi ne shaidata. Amma ke ma kin san yadda rayuwa ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kwanon shinkafar da nake rabawa biyu, yanzu girki ɗaya ne, kuma sai an kankare tukunya. Gas ya ƙare tun satin farko, na koma gawayi, shi ma da damshin daminar nan sai na yi ta fifita hayaƙi na cika mini ido. Kuɗin cefane kuwa yadda yake ba ni muna mu shida, haka yake ajiyewa muna mu goma sha ɗaya. In na yi magana sai ya ce, "Yaya ce fa. Kin san ko wace ce Yaya a wurina." Shi ke nan, ya sa takalmi ya fice, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, lokacin an kashe wuta an wanke tukwane.

To ni ina zan samo cikon? Zoɓo da kunun aya nake yi, da su nake zubin adashe saboda kuɗin makarantar Satumba. Yanzu kuɗin zubin nake zara ina sayen taliya da manja. Uwar adashe ta aiko sau biyu. Ga kuɗin rajista, ga littattafai, ga ɗan autana kayan makarantarsa sun ɗage masa. Duk wannan Yaya ba ta sani ba, ko ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. In ta kira waya sai ta ce, "Amarya, ya 'ya'yan naki?" Shekara goma sha biyar ina gidan nan har yau amarya, kuma wai 'ya'yana. In 'ya'yana ne, ai da an tambaye ni kafin a ɗoro su a mota.

Manyan biyu maza ne, ɗaya shekara 16, ɗaya 14. A falo suke kwana, ba sa tashi sai rana ta take. In an kawo wuta suna gaban talabijin, in an ɗauke suna filin ƙwallo, su dawo mini da caɓi har kan kafet. Kwanon da suka ci abinci a nan za su bar shi. Na ce ɗaya ya je ya kira mai ruwa, ya dube ni ya ce shi baƙo ne bai san unguwa ba. Shekara biyar yana zuwa! Ƙananan kuma ɗaya tana fitsarin kwance, katifa ba ta bushewa saboda hadari kullum. Wallahi da ba don babbar tawa ba da tuni na kwanta ciwo. Ita ce daga sallar asuba wanke-wanke, shara, wankin yara, dama kuma ita ke ɗaura mini zoɓo da daddare. Sakamakonta ma ya fito ba daɗi, malaminsu ya rubuta wai in je, ban samu sukuni ba, wannan daban.

Abin da ke ci mini rai shi ne ko mudu ɗaya, Anti. Da za ta aiko da ko rabin buhun masara ne, wallahi da ban ce uffan ba. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce in yi haƙuri, ɗa na kowa ne. Haƙurin nake yi shekara biyar. Yanzu ina tunanin in kwashi nawa mu tafi gidanmu har a koma makaranta, in bar masa su ya ga yadda ake yi. Ko in kira Yaya da kaina in faɗa mata gaskiya? Ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Taki, uwar yara huɗu, daga Kano.

Amsar Anti

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki. Ni ba na yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma ban ji ta bakin Yaya ba, ban ji ta maigidanki ba. Ba ki ma gaya mini abin da Yaya ta yi masa ba da har sunanta ke rufe masa baki. In ita ta riƙe shi ko ta yi masa ɗawainiyar karatu, to ki sani bashi yake biya, kuma irin wannan bashin ba ya ƙarewa. Sannan batun mudu: watan Agusta ba lokacin yalwa ba ne a ƙauye. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, sabo bai nuna ba, kuɗi sun tafi taki. Mai yiwuwa ba hutu aka kawo yaran ba, rage baki aka yi.

Amma duk wannan ba shi ya tsaya mini a rai ba. Na karanta wasiƙarki sau uku, kin ambaci mudu, kin ambaci gas, kin ambaci katifa, sai a layi ɗaya kika ce sakamakon babbar ya fito ba daɗi, malami ya ce ki je, "wannan daban." Ba daban ba ne, 'yar'uwa. Shi ne maganar.

'Ya'yan Yaya a ƙarshen Yuli suka zo. Jarrabawar zango na uku kafin zuwansu aka yi ta. To wa ya kayar da yarinyar nan? Ke da bakinki kika ce dama ita ke ɗaura miki zoɓo da daddare. Yarinyar da ta kai dare tana ƙulla leda, ta tashi da asuba ta kama wanke-wanke, yaushe ta buɗe littafi? Yanzu kuma hutun da za ta ɗan numfasa ta cike giɓin, an ƙara mata wankin mutum biyar, ƙarti biyu na kwance a falo. Kina kukan an ɗora miki kaya ba a tambaye ki ba, ke ma kin sauke shi a kan wadda ba ki tambaya ba.

Bari in yi da ku duka, iyaye mata masu karanta shafin nan. Alkunyar ɗan fari al'adarmu ce, ba a kiran suna, ba a nuna so a gaban mutane, na sani, ni ma haka aka yi mini. Amma mun mayar da ita hujjar mantawa da yarinya. Auta kayan makarantarsa sun ɗage an lura, ta fari malami ya aiko kira an ce babu sukuni. Mu muke mayar da 'yan matanmu 'yan aiki a gidan ubansu, mu bar maza suna miƙe ƙafa, gobe su zama mazajen da za su ajiye kuɗin cefanen mutum shida wa mutum goma sha ɗaya su sa takalmi su fice. Ku kuma masu ɗora yara a mota da an ba da hutu, ku ji tsoron Allah ku riƙa tambaya. Hadisi ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Sadaka kuwa ba a ƙwatarta.

Kada ki tafi gidanku, za a ce yaji kika yi saboda 'ya'yan dangi, kuma wannan tambarin ba ya goguwa. Kada ki kira Yaya, ba huruminki ba ne, na ƙaninta ne. Ki samu takarda ki rubuta abin da ake ci a rana, da abin da ya bayar, da abin da kika zara daga adashe, da abin da ke jiranku a Satumba. Ki ajiye masa bayan ya ci abinci, ba da faɗa ba. Ki ce ba korar kowa kike nema ba: ko ya ƙara kuɗin cefane, ko baɗi a yi sati biyu a koma, ko in kaka ta yi Yaya ta tuna da ku. Zaɓi ya rage nasa, amma kuɗin makarantar 'ya'yansa ba za su ƙara shiga tukunya ba. Samarin nan kuwa, wanda ya shekara biyar yana zuwa ya wuce baƙo. Maigida ya zaunar da su da kansa ya raba musu aiki, ruwa da shara da aike nasu ne. A garinsu ai war haka suna gona.

Ita kuma babbar, daga gobe ki cire hannunta daga wankin kowa, ki ware mata awa biyu da safe ita da littafinta, zoɓon dare ya koma hannunki. Ki nemi lambar malamin nan a wajen iyayen 'yan ajinsu, kada ki jira a koma. Ba ki gaya mini ajinta ba, amma in aji uku na ƙaramar sakandare za ta shiga, jarrabawar fita tana gabanta a shekarar karatun da za a shiga. Ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da malamin ya ce.